Karmami: Ma'anar Kalmar da Tarihinta a Fadamar Haɗejiya



GABATARWA

An saba idan aka ce za a yi lacca a kan tarihi, sai jama'a su zo da zaton za su ji labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da kafuwar birane. To, abin da zan yi magana a kansa yau bai kai nan ba a idon mutane, domin abu ne wanda kowa ke takawa ya wuce a gona bayan girbi, watau karmami. Maƙasudina shi ne in nuna cewa wannan kalma ƙarama tana ɗauke da tarihin zaman manoma da makiyaya a ƙasar Haɗejiya, musamman a Kirikasamma da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Zan fara da ma'anar kalmar da danginta, sa'an nan in bi amfanin da ake yi da abin da take nufi, daga nan in nuna yadda matsayinsa ya sauya daga zamanin sarakunan jihadi zuwa yau. Daga ƙarshe zan kawo abin da nake gani ya rataya a wuyanmu.

KAKA DA FAƊUWAR GANYE

A ƙasashen sanyi, lokacin da ke tsakanin zafi da hunturu shi ne lokacin da itatuwa ke kaɗe ganyensu, bayan ya rikiɗa ya koma ja ko rawaya. Abin ya shiga harsunansu ƙwarai, har mutanen Amurka suna kiran lokacin da sunan faɗuwa, Faransawa kuma suna da sunan wani launi wanda suka samo daga mataccen ganye. Masu fassara sukan ba wannan lokaci sunan kaka, kuma ba su yi laifi ba, gama shi ma lokacin girbi ne. Amma fa kakar Bahaushe ba ta itatuwa ba ce. A watan Oktoba da Nuwamba yawancin itatuwanmu suna nan da ganyensu, sai iskar hunturu ta kankama suke zubar da shi. Gawo ma akasin haka yake yi, yana tsiraici da damina, ya yi kore shar da rani. Abin da ke bushewa a idon Bahaushe da kaka shi ne gona. Saboda haka kalmomin da Hausa ta tanada domin busasshen ganyen wannan lokaci daga gona ta ɗebo su, kuma babbar cikinsu ita ce karmami.

MA'ANAR KALMAR DA DANGINTA

Karmami shi ne ganyen da ke jikin karan dawa da gero da makamantansu, wannan dogon ganye mai kaifin baki wanda gindinsa ke rungume da kara. Da wannan ma'ana aka san shi a ƙamusoshin Hausa tun daga na Bargery na 1934. Ana iya kiran ganyen karmami tun yana ɗanye, amma a bakin yawancin mutane idan an ce karmami busasshen ake nufi, wanda ya yi fari, ya yi sakayau, iska na kaɗa shi yana ƙara. Kalma ce ta tari, ba a ƙirga ta ɗai-ɗai. Ana cewa dami, ko runguma, ko amalanke guda na karmami, kamar yadda ake yi wa ciyawa da ƙaiƙayi.

Ya kamata ɗalibai su lura da yadda Hausa ta rarrabe abin da gona ke bari bayan an kwashe hatsi. Kara shi ne sandar da ta ɗauki zangarniya. Karmami shi ne ganyensa. Harawa ita ce busasshen ganyen wake ko na gyaɗa tare da rassansa. Soshiya ita ce kan gero bayan an sussuke tsabar. Ƙaiƙayi shi ne abin da iska ke ɗauka wajen shiƙa, dusa kuwa sai an yi surfe. Bambaro na shinkafa ne da alkama. Tattaka ita ce ragowar kara da ciyawa wadda dabbobi suka tattake. Yayi shi ne busasshiyar ciyawa da tarkacen da ake sharewa lokacin sharar gona. Gyauro kuma shi ne abin da ya sake tsirowa da kansa. Harshe ba ya wahalar da kansa ya raɗa wa abin banza suna har goma. Wannan yawan sunaye shaida ce cewa kowane ɗaya yana da aikinsa, da mai nemansa, da lokacinsa.

Ban da wannan ma'ana ta gona, kalmar tana da ma'ana ta biyu wadda ake yin kwatance da ita. Idan aka ce abu ya zama karmami, ana nufin ba shi da nauyi, ba shi da ƙarfin tsayawa, duk inda iska ta nufa nan zai bi. Ana faɗin haka ga mutumin da ciwo ya cinye, da rundunar da aka tarwatsa, da mai ra'ayin da ba ya zama wuri ɗaya. Wannan kwatance ya sami gindin zama a wajen malamai, domin a ƙarshen Suratul Fili an kamanta halakar mutanen giwa da ganyen shuka wanda aka cinye, kuma Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da kalmar karmami ya fassara wannan wuri a tarjamarsa. Ke nan duk yaron da ya ji fassarar ƙananan surori ya san karmami a matsayin misalin abin da ya lalace, ya rasa daraja. To, a nan ne abin mamakin yake. A fagen magana karmami shi ne ƙarshen wulakanci, amma a fadamar Haɗejiya ya kai matsayin da ake zubar da jini saboda shi. Yadda aka yi haka ta faru shi ne tarihin da za mu bi.

AMFANIN KARMAMI

Amfani na farko shi ne abincin dabbobi. Tun kafin dawa ta nuna, manomi yakan bi gona yana zare ganyen ƙasa wanda ya fara bushewa, ya kai wa awaki da tumakin da ke ɗaure a gida, tun da yake da damina ba a sakinsu. Manoma da makiyaya sun daɗe da sanin cewa ƙaramar dawa ɗanya, musamman gyauronta da wadda fari ya ƙuntata, tana iya kashe dabba nan take. Masana kimiyya sun tabbatar da haka, sun nuna akwai wani dafi a cikin ɗanyen ganyen wanda ke raguwa idan shukar ta girma ko ganyen ya bushe. Bushewar da ta mai da karmami abin raini a baki ita ce ta mai da shi abin amincewa a turke. Ta fuskar gina jiki bai kai harawa ba, shi ya sa ake ba doki da ragon layya da saniyar tatsa harawa, a bar wa sauran garke karmami. Duk da haka ya fi karan kansa amfani nesa ba kusa ba, shi ya sa shanu idan sun shiga gona shi suke fara lashewa.

Amfani na biyu na ƙasa ne. Karmamin da aka bari a gona yana rufe ƙasa, ya hana iskar rani kwashe ta, gara kuma ta ci shi ta mai da shi taki. A jigawa mai rairayi irin ta arewacin Haɗejiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kuma masanan aikin gona na Samaru sun nuna cewa tsutsar da ke huda karan dawa a cikin busasshen kara take yin rani, ta fito da sabuwar damina. Ashe ko a wajen ƙasa barin kara yana da riba, yana da hasara.

Amfani na uku na gida ne da sana'a. Da karmami ake hura wuta kafin kara ya kama, da wutar kara kuma almajirai suka yi karatun dare shekara da shekaru. Daga tokar kara mata ke tace ruwan toka na miya. Akwai kuma wata irin dawa, karan dafi, wadda ba domin hatsinta ake shuka ta ba, sai domin jan launin da ke gindin ganyenta. Da shi dukawa da majema ke rina jar fatar nan da fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, har ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Wannan ganye ya bi Hausawa zuwa zangunan ƙasar Gana, inda ake dafa shinkafa da wake da shi domin abincin ya yi ja. Sunan abincin a can ma daga kalmarmu ta wake ya fito.

Sai ku lura, masu neman karmami uku ne: dabba, da ƙasa, da murhu. Muddin mutane kaɗan ne, daji kuma yana da faɗi, kowa yakan sami rabonsa ba tare da an ji kansu ba.

FADAMA DA TSOHUWAR YARJEJENIYA

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Idan ya wuce garin Haɗejiya sai ya shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin tuddan rairayi, ya rarrabu. Wani reshe ya bi tsohuwar hanyarsa, wani ya zama Burum Gana, wani kuma ya bi mashigin Marma ya zuba a tafkin Nguru. Ƙasar Kirikasamma tana tsakiyar wannan rarrabuwa, da garuruwanta irin su Marma da Madaci da Turabu da Baturiya. Ruwan sama a nan kaɗan ne, daga Yuni zuwa Satumba, amma ambaliya takan zo a Agusta da Satumba ta shimfiɗu a fadama, sa'an nan ta janye sannu a hankali. Mazauna wurin, Hausawa da Mangawa da Badawa da Fulani, sun gina rayuwarsu a kan wannan zuwa da komawa na ruwa. A tudu ana noma gero da dawa da wake. A fadama ana shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa, idan ya janye a bi danshi da wake da sauran amfanin rani. Masunta suna bin kifi, makiyaya kuma suna jiran ciyawar fadama irin su burgu.

Ga inda karmami ya shigo. Da damina makiyayi yana nesa da gonaki, a daji ko can arewa. Idan ruwan sama ya ɗauke, ciyawar tudu takan bushe da sauri, alhali fadama tana cike da ruwa da shinkafar da ba a yanka ba. Tsakanin bushewar tudu da buɗewar fadama akwai makonni masu wuya, kuma karmami da sauran ragowar gona su ne gadar da garke ke bi ya ƙetare su. Manomi shi ma yana da bukata, domin gonar rairayi ba ta yin albarka sai da taki. Saboda haka aka yi wata yarjejeniya wadda ba a rubuta ba. Idan an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai bulama ko mai gari ya ba da sanarwa a saki dabbobi. Bafulatani ya sauka a gona da garkensa, shanu su ci karmami, su bar kashi. Sau da yawa manomi ne ke roƙon a sauka a gonarsa, har ya ba da damin gero, matan kuma su yi musayar nono da hatsi. A wannan tsari hatsi na mai gona ne, harawa ma yakan kwashe abarsa ya ɗora a kan itace ko rufin ɗaki, amma karmamin da ya rage a fili ya zama na kowa daga ranar da aka yi sanarwa.

Kada a ɗauka cewa zamanin nan ba a yin faɗa. Ana yin ɓarna, ana kai ƙara. Sai dai akwai ma'auni da kowa ya sani. Littafin Risala, wanda alkalanmu suka tashi da shi, ya bambanta ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare, wadda mai dabba zai biya, da wadda suka yi da rana. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasa da hurumi. Burtali da mashaya da makiyaya sanannu ne, kuma arɗo da bulama sun san juna.

ZAMANIN SARAKUNA DA NA TURAWA

Kafin jihadi wannan yanki ƙananan masarautu ne, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, suna bin Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. Fulanin da suka karɓi tuta, Umaru da ƙanensa Sambo, daga cikin makiyayan da fadama ta jawo suka fito, kuma a wajen 1808 Sambo ya soma haɗa waɗannan ƙasashe su zama masarauta ɗaya. Ƙarfin masarautar a kan doki yake. Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya addabi maƙwabta har ya rasu a yaƙin Gogaram a ƙasar Bade a 1863, da dawaki ya yi abin da ya yi. Bature matafiyi Barth, da ya bi ta Gumel a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya ba da labarin tsoron da ake yi masa. To, dokin yaƙi ba ya kiwo a daji kamar saniya, a turke yake, sai an kawo masa. Duk barga tana bukatar harawa da ciyawa da dawa na tsawon rani. Wanda ya ce rundunar Haɗejiya a kan harawar talakawa ta tsaya bai yi ƙarya ba. Tun a wannan zamani harawa ta zama abin da ake tarawa, ake kai wa manya, ake saye a birni. Karmami kuwa ya ci gaba da zama na fili.

A ƙarshen shekarun 1880 da farkon na 1890 annobar shanu ta ratsa ƙasashen nan ta hallaka mafi yawan garkuna, saboda haka Turawa sun tarar da daji mai yawa da shanu kaɗan sa'ad da suka ci Haɗejiya da yaƙi a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Mulkinsu ya kawo abubuwa uku da suka shafi zancenmu. Na farko, haraji da jangali da kuɗi, waɗanda suka koya wa manomi da makiyayi duban kowane abu da idon kasuwa. Na biyu, gyaɗa. Jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Malam Madori, noman gyaɗa ya bunƙasa, harawarta kuma ta yawaita. Na uku, garmar shanu, wadda ma'aikatan gona suka fara yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1920, tare da allurar shanu da ta sa garkuna suka sake yawa. Ranar da manomi ya mallaki bijimai biyu na huɗa, ranar ya fara duban karmamin gonarsa da wani ido, domin yanzu yana da bakin da zai ci shi a gida.

FARI, MADATSUN RUWA DA KASUWA

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, ya nuna wa kowa cewa wanda ya tara kara da karmami shi ne dabbarsa ta ga damina. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. A 1975 cuta ta lalata gyaɗar Arewa, harawar gyaɗa ta yi ƙaranci. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a shekarar kuma gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, takin zamani mai rahusa ya fara isa ƙauyuka. Manomin da ya sami buhun taki sai ya ga bai da sauran bukatar roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna da ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta a lokacin. Talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai jangali, duk da zaluncin da ke tattare da karɓarsa, shi ne ya sa hakimi ya san yawan garkunan ƙasarsa, yake kuma son su zauna. Da aka soke shi ba a kawo wata igiya da za ta ɗaure makiyayi da hukuma a madadinsa ba.

Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Ambaliyar da aka auna ta haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 ta koma ƙasa da rabin haka a ƙarshen shekarun 1980. A daidai wannan lokaci injin ban-ruwa ƙarami ya yaɗu, kuma hana shigo da alkama da aka yi a 1987 ya sa aka bi fadama da noman rani. Wuraren da shanu ke sauka su sha ruwa suka zama lambuna. A 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka gama madatsar Challawa. Kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani sai ya koma gudana duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta tura mafi yawansa mashigin Marma. Wasu gonaki da makiyaya suka nutse ƙarƙashin ruwa da kacala, wasu kuma can gaba suka bushe. Kacala idan ta tsufa dabba ba ta samun abin kirki a jikinta, sai dai ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa.

Ku haɗa waɗannan duka: mutane sun ƙaru, har ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kirikasamma mutum wajen 190,000, gonaki sun cinye daji da burtali, ciyawar fadama ta ragu, manomi yana da dabbobinsa, kiwon turke domin kasuwar Sallah ya zama sana'a. Sakamakon shi ne karmami ya tashi daga abin da ake bari ya koma abin da ake tarawa. Yau manomi yana yanke kara da ganyensa ya kafa shi bukka-bukka, ko ya kwashe a amalanke, ko ya sayar wa makiyayi gonar a tsaye bayan ciniki. Akwai injin da ke niƙa kara da karmami a zuba a buhu a kai kasuwa. A da manomi ke biyan makiyayi domin ya sauka, yanzu makiyayi ke biya.

Matsalar ita ce ɓangarorin biyu ba su sauya ma'anar kalmar a rana ɗaya ba. A wajen manomi karmami amfanin gona ne kamar hatsi, guminsa ne, wanda ya taɓa shi ya yi sata. A wajen makiyayi da yawa karmami yana nan a matsayin da kakanninsu suka san shi, abin da Allah ya bar wa dabba bayan mai gona ya ɗauki nasa. Kowannensu yana da hujja daga tarihi. Shi ya sa rikicin Kirikasamma da Guri yake yawan tashi da kaka, sa'ad da garkuna suka iso, wake bai gama bushewa ba, shinkafa tana fadama, kara yana tsaye. An yi hasarar rayuka da gidaje da dukiya a wannan yanki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna da Toda, kusa da Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin da ya faro daga ɓarnar gona ya ci mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara.

Wani abin lura shi ne yadda karmami ya ɓace a lissafin masu tsara ayyuka. Sa'ad da aka gina madatsun ruwa, buhunan alkama da shinkafa aka ƙirga. Ko binciken da Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990, wanda ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi wanda aka tsare domin aikin ban-ruwa na Kogin Kano riba, noma da su da itacen wuta ya auna, kiwo bai shiga jimlar ba. An sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, dausayin Baturiya kuma a 2008, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Wannan abin alfahari ne. Amma abin da saniya za ta ci a watan Nuwamba shi ma yana bukatar mai rubuta shi.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga karmami ya bi matakai uku: ya fara da zama ragowa, ya zama haƙƙin da ake musaya da taki, ya koma haja. Tsohon tsari ba zai dawo ba, domin dajin da ya ɗauke shi babu shi. Manomin da ya tara karmaminsa bai yi laifi ba, makiyayin da ke neman hanyar wucewa da mashaya shi ma bai yi laifi ba. Laifin yana ga barin mutane biyu su yi ciniki a kan abu ɗaya alhali kowa da ma'anar da ya ba shi.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko ga ma'aikatan mulki da sarakuna: a mai da ranar sakin dabbobi ta zama abin da ake zama a tsayar kowace shekara, gunduma-gunduma, da manoma da arɗaɗɗai a wurin, bisa ga yadda amfanin gona ya nuna a shekarar, a kuma sanar da ita a kasuwa da rediyo. Maƙwabtanmu na Nijar sun shigar da wannan cikin dokarsu ta kiwo ta 2010, ba kuwa abin kunya ba ne mu duba abin da ya yi musu aiki da wanda bai yi ba. Ta biyu ga ma'aikatan gona da na ruwa: duk aikin da za a tsara a fadama a ƙirga abincin dabbobi a cikinsa, a fitar da burtali da mashaya kafin a raba fili, a kuma tuna cewa gonar da aka kwashe ta ƙarƙaf kowace shekara, ba karmami ba kashin shanu, rairayi za ta koma. Hukumar sasanta manoma da makiyaya da Jihar Jigawa ta kafa ba za ta iya wannan ita kaɗai ba.

Ta uku gare ku ɗalibai. Harshen Auyokawa, wanda aka taɓa yi a wannan ƙasa, ya mutu, ya tafi da sunayen da masu shi suka ba ciyayinsu da ruwayensu. Tsofaffin da suka ga fadama kafin Tiga suna ƙarewa. Ku je Marma da Madaci da Baturiya da rugagen da ke kewaye da su, ku tambayi yadda ake kiran kowace ragowar gona da Hausa da Fulatanci da Manganci da Badanci, wa ke da ita, yaushe ake sakinta, me ake biya, wa ke yanke hukunci idan an saɓa. Ku rubuta da sunan gari da shekara. Alkalin da zai raba gardamar gobe yana bukatar wannan sani, kuma ba zai same shi a fayil ba sai kun kai masa.

Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara. Talakan fadama, manomi ne ko makiyayi, shi ne mai kayan, kuma iskar ta daɗe tana kaɗawa. Aikin mai ilmi da mai riƙe da ofis shi ne su taya shi ɗaurin kayan.

 Allah ya ba mu damina mai albarka da kaka ta lafiya.